Gurbin da Na Bari

A Iquitos ruwan sama ba ya sallama.
Ƙarfe shida nake fitowa daga asibiti,
takalmi a hannu, littafi cikin leda,
in tsallake kwata zuwa ajin dare.
Mu goma sha ɗaya ne masu neman digiri na biyu,
fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.

Shekara tara ina aikin jinya.
Ina gane jijiyar jariri ko da duhu,
na san irin numfashin da ke cewa a kira dangi.
Na zaci na gama sanin aiki.
Sai Farfesa Amasifuén ta ajiye takarda a gabana,
ta ce, "Zoila, hannunki ya iya allura.
Saura ya koyi ba da shaida."

Ta koya mana lissafin mutum nawa za a gwada
kafin baki ya isa ya ce magani ya yi,
da yadda ƙuri'a ke raba marasa lafiya gida biyu
don kada son rai ya yi rabon.
In an yi kuskure, ba a gogewa:
layi ɗaya siriri a kai, yadda na ƙasa zai karantu,
sa hannu, kwanan wata.
Ta ce wanda ya ɓoye tuntuɓensa
ya bar wa na baya dutsen.

Zango na uku aka tura ni Belén,
inda gidaje ke tsaye kan dogayen ƙafafun katako
kamar zalɓe a bakin kogin Itaya.
Gwajin maganin zazzaɓi ne,
takardar amincewa shafi goma sha huɗu.
Don Eleuterio masunci ne, bai yi karatu ba,
'yarsa ta zauna shaida tana ɓare rogo.
Na karanta masa duka, har wurin da aka ce
yana iya fita ran da ya so, ba mai tambayar dalili.
Ya daɗe yana kallon kwalbar.
Ya ce, "Wanne za ki ba ni, sabon ko tsohon?"
Na ce ban sani ba.
"Likitan fa?"
Shi ma bai sani ba.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara hamsin ina jefa taru
a ruwan da ban taɓa ganin ƙasansa ba.
Miƙo tawadar."

Ran kwana na ashirin da takwas
injin kwalekwale ya mutu a tsakiyar kogi.
Na iso da almuru, lokacin awon ya wuce tun hantsi.
Ga shi zaune garau yana ɗinkin taru.
Ga gurbin a takarda, bai kai farcen yatsa ba,
talatin da bakwai kawai yake jira,
kuma zan iya rantsuwa talatin da bakwai ɗin ne.
Ba kowa sai ni da fitila da sauro.
Biro ya yi mini nauyin taɓarya.

Sai na ga wata mata da ban sani ba,
a wata ƙasa, shekara goma nan gaba,
tana raba ƙwaya biyu da haƙori don ɗanta,
ba ta san sunana ba,
ta dai yarda da abin da muka rubuta.

Na rubuta: Ba a auna ba. Inji ya lalace.
Na sa hannu, na sa kwanan wata.

Ran Litinin Farfesa ta bi shafukan da ɗan yatsa.
Da ta zo nan ta ɗan tsaya,
ta gyara tabarau, ta wuce.
Ban samu ko "madalla" ba.

Ran da na kare kundina gaban malamai uku,
Don Eleuterio ya aiko da kifi naɗe cikin ganye.
Har yau bai san wanne ya sha ba.
Ni ma ban sani ba.
Sai watan Maris za a buɗe ambulan.